Tara Fuskokin Dodanni a Zariya: Daga Zaɓe Zuwa Ajiya

"Alhaji, wannan tsoho ne, daga ɗakin tsafi aka fito da shi." Duk wanda ya tsaya gaban mai sayar da kayan sassaƙa a Kano, Jos, Abuja ko Legas zai ji wannan magana ko 'yar uwarta. Ɗayan biyu ne: ko ba gaskiya ba ce, za ka biya kuɗin tsoho ka tafi da sabo, ko kuwa gaskiya ce, ka sayi abin da dokar ƙasa ta hana ka saya, wanda wataƙila masu shi har yanzu suna cigiyarsa. Saboda haka jagorar nan ta tsaya a kan abu guda: mai tarawa ya nemi sabon aiki na masassaƙin da aka san sunansa da garinsa, ya rubuta duk abin da ya sani a kansa, sannan ya koyi kare shi daga hunturu da damina da gara.

Da "fuskar dodo" muna nufin duk abin da mai rawar gargajiya yake rufe fuska ko kai da shi don ya fito a matsayin wani, na itace ne, na zane, na fata ko na saƙar igiya.

Kafin ka fitar da ko kwabo

Mu fara da maganar addini, don a Zazzau ba a tsallake ta. Malamai da yawa suna ganin bai halatta a ajiye sassaƙen mai rai a gida ba. Ka tambayi malamin da ka amince da shi tun kafin saye, kada sai kaya sun iso a fara rigima da mutanen gida. Wanda ya ga ba zai ajiye siffar fuska ba yana da sauran hanyoyi: tara zannuwan dodanni da saƙarsu, tara hotuna da bayanai, ko taimaka wa makaranta ta kafa ɗakin koyarwa. Yawancin masu wannan sha'awa a nan ɗalibai ne da malaman zane, tarihi da wasan kwaikwayo. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana da tsohon tarihi a wannan fage, domin a Zariya ne Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna kira a koma a nazarci fasahar gida.

Sai doka. Doka mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A fassararta, kayan tarihi sun haɗa da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, da kuma wanda yake da daraja ta tarihi ko fasaha aka kuma taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya. Ka lura da kashi na biyun nan da kyau: fuskar da aka sassaƙa shekara ashirin da suka wuce, aka yi rawa da ita a biki, tana iya faɗawa ciki. Irin waɗannan kaya ba mai izinin saye sai wakilin da hukuma ta amince da shi, ba a kuma fita da su ƙasar waje sai da takardar izini. Ko sabon aiki za ka tafi da shi waje, ka kai gidan tarihi na Kaduna su duba su ba ka takarda, in ba haka ba ka bar shi a hannun kwastan. Hauren giwa kuwa ka nisance shi gaba ɗaya. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989.

Na uku, ka zaɓi fage. Fuska goma daga yanki ɗaya da ka san labarinsu sun fi hamsin tsintacce daga nan da can. Ga ɗan Zariya, yankin Binuwai da Filato da kudancin Kaduna ya fi sauƙi, don mota ɗaya za ta kai ka inda ake yin abin, kuma za ka sami wanda za ku yi Hausa da shi.

Koyon gani

Ka ba kanka wata shida kana kallo ba ka saya ba. Je gidan tarihi na Kaduna, na Jos wanda aka buɗe a 1952, da na Onikan a Legas na 1957. Tafi da littafi da fensir ka zana abin da ka gani, ko ba ka iya zane ba, domin hannu yana tilasta wa ido ya lura. A kan kowace fuska ka nemi amsar abu huɗu: wa yake sa ta, a wane lokaci, a wane ɓangaren jiki take zama, su wa aka yarda su gan ta.

Gelede ta Yarbawan yamma, irin su Ketu da Yewa har cikin Jamhuriyar Benin, a bisa kai ake ɗora ta kamar kwano, mai rawa yana leƙe ta cikin zanen da ya sauko ƙarƙashinta. Maza ne suke sawa, bibbiyu, don girmama iyaye mata da neman sanyin zuciyarsu. Abin da aka sassaƙa a samanta, maciji ne, mai keken ɗinki ne, ko ɗan babur, tsokaci ne a kan zaman jama'a. UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da ita a matsayin al'adar gado ta duniya a 2001. Epa ta ƙasar Ekiti gungume ce mai hawa-hawa, wata takan wuce kilo 20, kuma saurayi ne zai yi tsalle da ita don a ga ƙarfinsa. Egungun, dodon magabata, kusan duk zane ne, ƙyalle bisa ƙyalle.

A ƙasar Ibo, farar fuska mai siririn hanci da kitso mai tsayi ita ce agbogho mmuo, ruhun budurwa. Namiji ne a ciki yana kwaikwayon tafiyar mata, farin kuwa farar ƙasa ce, alamar duniyar ruhohi. Ijele ta Anambra tana kai wa wajen mita huɗu, ita ce take fitowa ƙarshe, ta shiga jerin UNESCO a 2009. Ibibio suna da Ekpo iri biyu: mfon mai haske da kyau, ta waɗanda suka mutu mutuwar kirki, da idiok baƙa mai karkataccen baki, ta waɗanda suka yi mugun ƙarshe. Mutanen Ejagham na Kuros Riba suna lulluɓe sassaƙen kai da fatar gada. Ta Ogoni ƙarama ce, haɓarta tana motsi. Kusa da mu, Chamba da Mumuye suna da kan ɓauna mai ƙaho da buɗaɗɗen baki, Nupawa suna da Ndako Gboya, dogon bututun zane mai miƙewa yana sunkuyawa, Tibi kuma suna da Kwagh-hir, wasan dare na ba da labari da ya shiga jerin UNESCO a 2019. A tsaunukan Filato akwai Jankai, saƙar igiya da aka manna wa jajayen 'ya'yan idon zakara. Sunan ma Hausa ne.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Burtun maharbi, kan tsuntsun nan da ake ɗaurawa a goshi a sunkuya cikin ciyawa don namun daji su saki jiki, yana cikin kundin gidajen tarihi na duniya. In za ka saya, nemi na itace da fata, kada ka ƙarfafa kashe tsuntsun da ya riga ya yi ƙaranci. Haka kayan tashe, gemun auduga da fuskar ƙwarya da yara suke haɗawa daga goma ga azumi, ba mai adana su, bayan salla sai bola. Wanda ya tara su da sunan unguwa da shekara da waƙar da ake yi da su ya yi aikin da babu irinsa a wurin kowa.

In ka ƙetare iyaka, sowei ta Mende a Saliyo ta fita daban domin mata ne suke sa ta, shugabannin ƙungiyar Sande. Baƙa ce wuluk mai sheƙi, ƙaramin baki alamar kame harshe, zobban wuya alamar lafiya da wadata. Kanaga ta Dogon a Mali tana fitowa a bikin dama na sallamar mamaci, babban bikinsu na Sigi kuwa sai bayan shekara 60, na baya an yi shi daga 1967 zuwa 1973. Ciwara ta Bambara barewa ce da ta koya wa mutane noma. A Japan, fuskar wasan Noh ana sassaƙa ta da itacen hinoki ta yadda in an ɗaga ta kaɗan sai ta yi fara'a, in an sunkuyar sai ta yi baƙin ciki. A Siri Lanka akwai fuskoki 18 na sanni, kowacce da cutar da take wakilta. Wasu kuwa ba na sayarwa ba ne sam: mutanen Hopi na Amurka sun yi ta ƙorafi a 2013 da aka yi gwanjon kayansu masu tsarki a Faris. Haka dodannin kudancin Kaduna, da dama cikinsu sirri ne na waɗanda aka shigar. In dattawa suka ce ba a magana a kai, ka ja bakinka ka bar shi.

Abu ɗaya za ka riƙe a duk wannan: abin da yake rataye a shago ɓangare ne kawai. Dodo cikakke ya haɗa da riga, ganga, waƙa da rawa.

Duba fuska a hannu

Kaya iri huɗu ne a kasuwa. Akwai wanda aka yi don biki aka kuma yi bikin da shi. Akwai wanda masassaƙin gargajiya ya yi bisa ƙa'ida amma bai taɓa shiga fage ba. Akwai na ado da aka yi don baƙi, kowa ya sani. Sai na huɗu, sabo da aka tsufar da gangan. Na biyu shi ne abin nemanka, na uku ba laifi in farashinsa na ado ne, na farko na hukuma ne, na huɗu kuwa shi kake koyon ganewa.

Tafi da ƙaramar tocila, gilashin ƙara girma mai ninki 10, farin ƙyallen auduga, tef ɗin awo da safar hannu. Nemi a fito maka da kayan waje cikin hasken rana.

Juya ta baya tukuna, domin mai yaudara gabanta yake ƙawatawa. A cikin fuskar da aka sa, wuraren da suka taɓa jiki ne suke yin santsi da duhu: goshi, karan hanci, kumatu, haɓa. Lungunan da fata ba ta kai wa suna nan da kaushinsu da sawun gizago. In ka ga duhu ya bi ko'ina bai ɗaya, shafe ne. Daga nan ramukan gefe da ake ɗaure riga: igiya tana cin rami ta ɓangaren da take ja, sai ya zama kamar ƙwai, bakinsa ya yi laushi. Ramukan da suke zagaye cif, girmansu ɗaya, bakinsu da kaifi, injin huda ne ya yi su jiya. Kara ta kusa da fuskarka, ba tare da ka manna ba, ka ga ko ramukan ido sun dace da idon mutum. Ka tuna dai Gelede da Ciwara a ka suke zama, wannan gwaji bai shafe su ba.

Sai hanci. Warin hayaƙi mai ƙarfi, warin man goge takalmi ko na baƙin mai, duk alamun tsufarwa ne. Ana rataye sabon sassaƙe a madafa ya sha hayaƙi, ana shafa masa dakakken goro ko wani sinadari mai launin shuni da yake mayar da itace ruwan ƙasa, ana binne shi kusa da suri gara ta ɗan taɓa, wani har da fasa ƙwai a manna gashin kaza a ce hadaya ce. Goga farin ƙyallenka a hankali a wani lungu na baya, da izinin mai kaya. In ya ɗauko baƙi mai maiƙo, ka gane. Haska tocila cikin kowace tsaga: tsohuwar tsaga cikinta ya yi duhu da ƙura, sabuwa kuwa fari fat. Ramin ƙwaro na gaske yana lanƙwasa a ciki, na ƙusa yana tafiya sak.

Nauyi ma yana magana. Mai rawa ba zai yini da kirya ko maɗaci a fuska ba, shi ya sa masassaƙa suka fi son itace marar nauyi irin rimi da gurjiya. Fuska mai nauyin turmi, in ba irin su Epa ba, ta bango ce.

Kada kuma ka zarce. Fentin kanti mai sheƙi ba ya nuna jabu. Masu Gelede sun daɗe suna sabunta fentinsu kafin biki. Kuma gwanayen jabu sun san duk abin da muka lissafa, suna goge goshi da haɓa da tsumma har ya yi santsi. Gwajin nan yana kama na ƙasa-ƙasa ne kawai. Shi ya sa takarda ta fi ido.

Ciniki

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fatauci. Daga Abijan zuwa Duwala, dillalan kayan sassaƙa da yawa namu ne, kuma garin Fumban na Kamaru ya shahara da masu sassaƙa salon kowace ƙabila. Wannan gata ne gare ka: yi wa dillali magana a fili, ka ce sabon aiki mai kyau kake so, ba ka neman tsoho. Da zarar ya gane haka, labarin ɗakin tsafi zai ƙare, farashi ya sauko, wani lokaci har ya haɗa ka da mai sassaƙar.

Mafi kyau shi ne ka ba da aiki da kanka. Ku yi yarjejeniya a kan irin fuskar, itacen, da launin da za a sa, na gargajiya kamar farar ƙasa, majigi, baba da gawayi, ko na kanti. Ba da rabin kuɗi, sauran in an gama. Roƙi a bar itacen ya bushe a inuwa wata biyu zuwa uku bayan an rarake cikinsa, domin ɗanye ake sassaƙawa, kuma ɗanyen itacen kudu in ya shigo hunturun Zariya sai ya tsage. Nemi izinin ɗaukar hoton aikin yana tafiya. Tambayi sunan fuskar da harshensu, ka sa a maimaita ka ɗauka a waya.

Saye ta intanet cinikin biri a sama ne. In ya zama dole, nemi hoton baya, hoton ramukan gefe, da bidiyo a hasken rana, kada kuma ka tura kuɗi duka sai kaya sun iso.

Kowane saye da rasit: kwanan wata, sunan mai sayarwa, bayanin kaya, inda ya samo, da kalmar "sabon aiki" a rubuce. Labarin fuskar Ngil ta Fang daga Gabon, wadda wasu tsofaffi a Faransa suka sayar Yuro 150 aka kuma yi gwanjonta Yuro miliyan 4.2 a 2022, ya sa mutane da yawa mafarki. Abin da ya ɗaga ta shi ne an san hanyar da ta bi tun farkon ƙarni na 20 an kuma gwada shekarun itacen, kuma duk da haka sai da magana ta kai kotu, gwamnatin Gabon ma ta shigo tana neman kayanta. Kada ka shiga wannan harka da niyyar riba.

Kawo ta gida da killacewa

Naɗe ta da wankakken farin zane, ban da jarida domin tawada tana kamawa. Sa a kwali, kwalin a cikin wani babba, da tazarar santimita 5 ta tsumma ko soso ko ta ina. Riƙe a cikin mota kusa da kai, ba a but ba, ba a saman mota ba. In daga kudu ta zo lokacin hunturu, bar ta cikin naɗinta da leda mako biyu, sannan ka riƙa buɗe bakin ledar kaɗan-kaɗan har wani mako biyun.

Sabuwar shigowa ba ta haɗuwa da sauran. Shimfiɗa farar takarda a cikin leda mai haske, ɗora ta a kai, ɗaure, ajiye a wani ɗaki mako huɗu zuwa shida. Duk mako ka leƙa. Tsibin gari mai laushi, launin sabon itace, a ƙarƙashin rami yana nufin ƙwaro yana da rai a ciki.

In ka ga haka, ga hanya mafi tsabta: naɗe da zane, sa a leda biyu, matse iska, rufe ruf, sa a firiza mai kai wa digiri 20 ƙasa da sifili, kwana bakwai cur. Fito da ita ka bar ta a rufe awa 24, raɓa ta sauka a kan leda maimakon itace. Matsalar ita ce wuta. In aka ɗauke firiza ta saki, ƙwaron ya farfaɗo, lissafi ya koma farko, don haka sai inda ake da sola ko janareta tsayayye. Kada a daskarar da mai lulluɓin fata, mai kaurin fenti da ya fara ɓarewa, ko mai madubi. Wata hanyar ita ce zafi: digiri 55 na 'yan awoyi yana kashe ƙwaro da ƙwansa, kuma baƙar leda a ranar Maris ko Afrilu tana kai wa haka, amma sai itace zalla, da ma'aunin zafi a ciki. Mai kakin zuma ko danƙo, irin Jankai da burtu, narkewa zai yi 'ya'yan su zube.

Fiya-fiya, kananzir da baƙin mai suna ɓata launi har abada. Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake kuwa iskarta tana kisa a cikin gida, tana kuma cin tagulla. Idon zakara shi ma dafi ne mai tsanani in an tauna; ɗaya ya faɗo, tsince shi kafin yaro ya gani.

Rajista

Sayi littafi mai kauri. Kowace fuska da lambarta, misali 2025/01, da shafinta: suna da harshen masu ita, al'umma, gari, masassaƙi, shekara, itace, launi, tsawo da faɗi da zurfi a santimita, nauyi, farashi, da duk wata tsaga ko ɓarewa da ta zo da ita. Ware abin da ka gani da idonka daga abin da aka faɗa maka, ka rubuta wanda ya faɗa. Hoto shida: gaba, baya, gefe biyu, sama, da ciki kusa-kusa, da rula a gefe. Rubuta lambar da fensir a ɗan kati ka ɗaura da zaren auduga; ban da alƙalamin maka, ban da salatif. Ajiye kwafin komai a wani wuri daban. In an yi sata, hoton nan da awon nan ne kaɗai hujjarka.

Hunturu, damina da gara

Itace yana shan laima ya kumbura, ya saki ya tsuke. Abin da ya fi so shi ne laimar iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, ba hawa da sauka. Zariya kuwa a tsakiyar hunturu takan sauka ƙasa da 20, a Agusta ta haura 80. Ba za ka iya gyara yanayin gari ba, amma za ka iya rage saurin canjin, kuma saurin ne yake fasa itace.

Sa kafinta ya yi maka kabad mai ƙofar gilashi da roba a bakinta, ƙafafun ƙarfe santimita 15 daga ƙasa, tazarar santimita 10 daga bango. Zaɓi bangon ciki, ba wanda rana ko ruwa suke duka ba. In katakon sabo ne, bar shi a buɗe wata guda warin fenti ya fita. Jera ninkakkun zannuwan auduga a ƙasan kowane hawa, suna shan laima suna saki a hankali. Sa ƙaramin ma'aunin laima mai batir a ciki, ka riƙa rubuta abin da ya nuna duk Juma'a.

Ƙarshen Oktoba, kafin iska ta juya, rufe kabad ka rage buɗewa. Kwanon ruwa mai faɗi a ɗakin yana taimakawa, amma ba a cikin kabad ba. In tsaga ta buɗe, kada ka cika ta da gam ko garin katako: damina na zuwa itacen zai so komawa, ya tarar an toshe, sai tsagar ta ƙara gaba. Auna ta ka rubuta. Da yawa suna rufewa da kansu a Yuli. Kada ka shafa man gyaɗa, man kaɗe ko man ja wai don kada ta bushe. Mai ba ya hana tsagewa, yana baƙanta farar ƙasa, yana kama ƙura, yana kiran kyankyaso.

Da damina abokin gaba fumfuna ce, tana tashi in laima ta daɗe sama da kashi 70. Nan ne ƙwayoyin tsotse laima, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, suke da amfani. Ka cire su in ruwa ya ɗauke. Ka ga farin gashi-gashi a jikin fuska, fito da ita inuwa mai iska ta bushe kwana biyu, sa takunkumi, share da burushi mai laushi a waje. Kada ka shanya a rana.

Gara ta ƙasa take zuwa. Duk wata ka haska bayan kabad da ƙafafunsa ka nemi hanyarta ta laka, musamman a gidan ƙasa na cikin birni. Zane, gashi da tukurwa kuwa asu da ɓera ne suke bi, sai a riƙa ɗaga su ana dubawa.

Turaren wuta yana bin komai ya bar danƙo mai launin ruwan ƙasa da ba ya fita. Ɗakin da ake turare, ko kusa da madafa, ba wurin ajiya ba ne. Haske ma yana cin launi, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa: labule mai kauri a taga, ƙwan LED marar zafi, a kashe in ba kowa. Mai zane, baba ko gashin tsuntsu ya fi kowa rauni, ya zauna a hawan da ya fi duhu.

Tsayar da ita da sharewa

Kada ka rataye fuska da tsoffin ramukanta, kada ka buga mata ƙusa. Kai awo wurin mai walda a Sabon Gari, ba fuskar ba: rodi mai kaurin milimita 6 a kan farantin ƙarfe mai nauyin da ya ninka nata sau biyu, sama a lanƙwasa shi ya bi cikin goshi. Yi masa fenti, bar shi mako biyu, naɗe inda zai taɓa itace da auduga da farin ƙyalle. Mai shiga kai gaba ɗaya irin sowei, ko mai zama a ka irin Gelede, a ɗinka mata matashi mai siffar kai ta zauna a kai, gefenta bai taɓa ƙasa ba. Mai jelar tukurwa a ɗaga ta yadda jelar za ta sauka ba ta lanƙwashe ba.

Ɗauka da hannu biyu ta ƙasa, ba ta ƙaho ko kitso ba. Shara sau ɗaya a wata da hunturu, sau ɗaya a wata uku sauran shekara, da burushin kwalliya mai laushi wanda ba a taɓa amfani da shi ba, daga sama zuwa ƙasa, a kan farar takarda don ka ga abin da yake faɗowa. In ka ga ɓarɓashin launi a takardar, tsaya nan take. Ban da ruwa, ban da sabulu, ban da tsumma mai jiƙa. Farar ƙasa da majigi goga ɗaya take kwashe su. Ɓangaren da ya karye a sa shi a ambulan mai lambar fuskar, a ajiye kusa da ita, a kai wa masu gyaran kayan tarihi a Kaduna ko Jos tare da hoton da ka ɗauka ranar da ta shigo.